Hanyar da Na Goge a Taswira

Ranar Laraba da yamma Shugabar kwamiti ta aike ni bakin kogi in ɗauko akwatin shawarwari. Washegari za mu miƙa wa hukumar birni taswirar filin shaƙatawar da za a gina a wurin, kuma ana so a ji ra'ayin kowa kafin a sa hannu.

Ni na kawo shawarar akwatin. Ni na kawo ta fitilu masu aiki da hasken rana, da ta hanyar keke. Wata biyar da gama jami'a aka sa ni sakatare cikin dattawa goma sha ɗaya: masunta, masu wanki, tela, da Shugaba, tsohuwar malamar makaranta. Injiniya suke kirana, rabi yabo rabi tsokana.

A tsohuwar taswira akwai wata siririyar hanya. Ta taso daga wasu matakalai na cikin ruwa, ta haura zuwa gindin wata tsohuwar bishiya. Kwana uku na zauna da littafi ina ƙirga masu binta, yadda aka koya mana. Ko mutum ɗaya bai wuce ba. Sai na goge ta, na zana wurin wasan yara a kanta.

Baba mai kwalekwale ne kaɗai ya tanka.

"Injiniya, har yaushe kake ƙirgar nan?"

"Har la'asar, Baba."

"To, ai da wuri kake tashi."

Inna mai wanki ta ce, "Rabu da shi, tsufa ne ke damunsa." Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, na yi nasara. A daren na yi wa 'yar yayata mai shekara huɗu alkawarin ita za ta fara hawa lilon.

Na isa bakin kogi rana na faɗuwa. Masu wanki sun kwashe kayansu. Warin laka da ƙarnin kifi. Kwaɗi na ta kuka, ruwa na bugun cikin wani kwalekwale da aka ɗaure.

Akwatin na rataye a kan turke, daidai tsakiyar hanyar da na goge. Na sauke shi. Ya yi nauyi, ruwa na ɗiga daga gindinsa. Rabon da a yi ruwan sama ya fi wata.

Na buɗe. Takardu cike, duk a jiƙe. Babu rubutu. Kowacce da dangwalen yatsa na laka.

Kwaɗin suka yi shiru lokaci guda.

Wata mace na zaune a kan matakala, ruwa har ƙugunta, ta ba ni baya.

"Sakatare," ta ce a hankali. "An rubuta a jikin akwatin cewa kowane ɗan unguwa yana da ta cewa."

"Haka ne."

"Mun faɗi tamu. Ba ka zo ka buɗe ba."

Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba. Kamar an zare ni daga jikina an bar shi a tsaye.

"Me za ku sa a kan hanyarmu?"

Bakina ya amsa da kansa, kamar a taro. "Wurin wasan yara."

Ruwan bayanta ya fara kumbura, nan da can. Abubuwa masu kama da kawuna.

"Yara," ta ce. Muryarta ta yi laushi. "To, mun janye ƙorafi. Ku gina. Muna son yara."

Na ƙanƙame akwatin a ƙirjina.

"Mai jan ribom ɗin nan ce za ta fara hawa, ko?"

Da safe ni na ɗaura wa 'yar yayata jan ribom.

Sai na ji tafiya. Caɓ. Caɓ. Sawu jiƙaƙƙu na fitowa a kan busasshen yashi, suna haurowa. Ba ƙafa. Sawu kawai.

Wani hannu mai sanyi ya kama idon sawuna.

Ya ja.

Na nemi addu'a, ta ƙi zuwa.

"Injiniya!" Muryar Baba ce daga kan ruwa, yana buga filafili a jikin kwalekwale. "Sauka daga hanya! Gefe, ba baya ba!"

Na faɗa gefe, cikin ciyawa, da akwatin a ƙirjina.

Hannun ya sake ni. Sawun suka wuce ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin bishiyar. Na ƙirga arba'in da uku. Hannuna ma laluben biro yake.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

Da safe na ajiye akwatin a kan teburin taro, na ce a mayar da hanyar, a kai wurin wasan yara can bakin ƙofa.

"Kai da ka yi mana lacca ta awa guda?" in ji Shugaba.

Ruwa ya gangaro daga akwatin, ya bi teburin har gabanta. Baba ya ɗaga hannu. Inna mai wanki ta ɗaga nata, ba ta kalli kowa ba. Sauran suka bi.

An gina filin. Hanyar na nan, ba fitila, ba kujera. Idon sawuna na hagu ya mutu tun ranar. Ko allura aka soka ba na ji. 'Yar yayata ta hau lilonta, ni kuma ina tsaye tsakaninta da kogi har ta gaji.

Baba ya sa an ƙara kujera ta goma sha uku a ɗakin taro. Ba mai zama a kanta, amma takardar halarta kullum da damshi take dawo min.

Har yanzu Shugaba kan ce, "Injiniya, akwai sabuwar shawara?"

Sai in dubi kujerar tukuna.