Masaƙi da Itacen Guru

Ran Talata, tara ga wata, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, can a ƙasar Hindu a zamanin da, mutum goma sha biyu suka zo wurin wani tsohon malami da suke kira guru. Kowa da itacen wuta a hannu, don kuwa haka mai neman sanin kansa yake zuwa gaban malami a al'adarsu. Cikinsu akwai wani masaƙi da ya rufe masaƙarsa, ya ce ba zai koma ba sai guru ya karɓe shi.

Guru ya dubi itacen masaƙi ya ce, "Wa ya kawo itacen nan?"

"Ni ne, Baba."

"Kai wa?"

"Masaƙi."

"Me ka saƙa yau?"

"Ban saƙa komai ba."

"To, je ka, sai gobe."

Masaƙi ya zaci itacen ne ya yi kaɗan. Kashegari ya kawo dami guda, ya ce shi ɗan wane ne. Aka ce sai gobe. Ya kawo dami biyu, ya faɗi garinsu. Aka ce sai gobe. Sauran suka gaji, suka watse ɗaya bayan ɗaya.

A kwana na arba'in ya sauke dami uku, wuyansa ya ƙage. Guru ya ce, "Kai wa?"

"Baba, da na zo na sani. Yanzu kam ban sani ba."

Guru ya matsa masa gefen tabarma. "Zauna, mu fara."

Masaƙi ya zauna, bai gane mene ne daidai a amsar da ya bayar ba.

Waɗanda suka rage a wurin su ne guru, da masaƙi, da wata tsohuwa kurma mai shara, da saniya guda.