Firijin Da Ke Jiran Gida

Ranar da ya fara ganinta, hana shi gida ta yi.

Ofishin masu ba da hayar gidaje ne, mai kujerun roba da fanka mai ƙugi, ita kuma tana bayan tebur, idanunta sun yi ja saboda kallon kwamfuta. Shi mai gyaran firiji ne da na'urar sanyaya ɗaki. Ya kusa talatin, kuma tun yana koyon aiki yake kwana a ɗan ɗakin da ke bayan shagon maigidansa. Abokan aikinsa Lakadan suke ce masa, domin ko allura bai taɓa saye bashi ba, kuma yana ji da wannan suna.

Ya ajiye mata kuɗin haya ɗaure da roba. Ta latsa kwamfuta, ta duba, ta ce kamfaninsu ba ya ba da gida sai ga mai tarihin biyan bashi, shi kuwa shafinsa fari fat.

"To ai haka ake so," ya ce. "Ba mai bina ko sisi."

"Shi ya sa ba mai shaidarka, Malam. So suke su ga ka ci ka biya."

Ya dube ta kamar ta zage shi. Ita ma ta gaji da faɗin wannan magana, don kullum sai ta faɗa wa wani, wasu har su zage ta da gaske. Amma wannan sai ya tattara kuɗinsa a hankali, ya yi mata godiya. Godiyar ce ta sa ta tsayar da shi a bakin ƙofa, ta yi masa bayanin katin bashi na masu farawa: ya ajiye kuɗi a banki jingina, a ba shi kati, ya riƙa sayen ƙananan abubuwa da shi yana biya a kan kari, har a san shi.

Washegari ya dawo da jakar kayan aikinsa, ya tayar da na'urar sanyin ofishin da ta daɗe a mace. Ya ƙi karɓar ko kwabo, sai lambar waya.

Bayan kwana biyu saƙonsa ya shigo:

"Malamata, na je bankin. Wai in ba su kuɗina su ranta mini kuɗina. Wane irin lissafi ne wannan?"

Ta amsa: "Lissafin da zai ba ka gida ne, Lakadan. Ka ci abinci?"

Daga tambayar abinci abu ya yi nisa. Soyayyarsu ta gajiyayyu ce. Sukan haɗu a tashar bas bayan tashi daga aiki, shi hannu duk baƙin mai, ita ƙafa a kumbure, su zauna a benci su raba lemo ɗaya. Wani lokaci ba mai ƙarfin hira, kuma hakan ya ishe su.

Da maganar aure ta kai gidansu, Baba, mahaifinta, ya saurara har ƙarshe. Tsohon direban bas ne, ba ya son dogon zance. Ya ce yaron bai yi masa laifi ba, amma 'yarsa ba za ta tare a bayan shago ba, tsakanin matattun firiji da tulunan gas. Ya samo gida da sunansa kafin ƙarshen shekara, in ba haka ba akwai mai jira.

Mai jiran kuwa ɗan abokin Baba ne, mai sayar da motoci. Motarsa bashi, gidansa bashi, ina jin har turaren da yake fesawa bashi ne, don haka banki yake son sa kamar ɗan fari. Yakan zo da leda niƙi-niƙi ya zauna a falo, Mama ta yi ta washe baki. Ita dai ta gaishe shi ta shige ɗaki.

Ta ce wa Baba sannu ba ta hana zuwa.

"Ƙarasa mana," in ji Baba. "Sai dai a daɗe ba a je ba."

Wata da watanni suka wuce tana tare wa Lakadan faɗa a gida. Da ta ga lokaci ya ja, ta ce ya sake neman gidan. Aka duba, shafinsa yana nan fari fat kamar ranar farko.

Ta same shi a shago. Da ta tambaye shi katin, sai ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ciro shi daga ƙasan sifanu, naɗe cikin leda, yana nan a ambulan ɗinsa yadda banki ya ba shi. Ko kunna shi bai yi ba.

"Kin gani, ko sau ɗaya ban taɓa shi ba," ya ce, har da murmushi. "Na ce in suka ga ina da shi ban ci ba, za su fi yarda da ni."

Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan wata matacciyar firiza, ta ce:

"Na gaya maka ka ci ka biya. Kullum ina can ina shan magana saboda kai, kai kana nan kana ajiyar kati kamar takardar haihuwa. In ba ka son auren ka faɗa mini. Wallahi na gaji."

Ta tafi. Ya kira, ba ta ɗaga ba. A zuciyarta ta gama yanke cewa sunansa na Lakadan ya fi ta daraja a wurinsa, kuma wannan tunani ya yi mata ciwo ƙwarai.

Sai da aka kwana biyu dogon saƙo ya shigo:

"Malamata, na ji bayaninki tun farko, tsoro ne ya hana ni. Ina yaro Babanmu ya rasu da bashi a kansa. Masu bin sa suka zo suka kwashe kayan ɗaki. Firijin Inna suka fitar a ƙarshe, ta tsaya tana kwashe abin da ke ciki tana zubawa a zani, maƙwabta suna kallo. Tun ranar nake gudun duk abin da ake ce wa bashi. Ban fi son sunana a kanki ba. Yau na kunna katin, na sayi man babur da shi."

Ta karanta a bas, a tsaye, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe. Ta wuce tasharsu ba ta sani ba.

"Bashi hanji ne, Lakadan nawa, yana cikin kowa," ta rubuta. "Ka biya kafin ranar. Zan tuna maka."

Haka aka sake farawa daga tushe, kuma ba abin da ya kai wannan aiki gundura. Ya sayi mai da kati, ya biya. Ya sayi sabulu da waya da ƙusa, ya biya. Duk ƙarshen wata sai ta aiko masa: "Yau ne, masoyi," shi kuma ya amsa: "Tun jiya na biya." Da sunansa ya ɗan fara fitowa, wani kanti ya yarda ya ba shi kaya a kan biya kaɗan-kaɗan. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauko sabon firiji.

Shekara ta ƙare makinsa na biyan bashi bai kai ba. Saura kaɗan, amma kwamfuta ba ta san saura kaɗan ba. Mama ta fara maganar mai motoci a fili. Ita kuwa 'yar tasu ta rame, ta daina gardama, abin da ya fi damun Baba ke nan.

Wata safiya Baba ya sa hularsa ya tafi shagon da kansa, da niyyar ya ce wa yaron ya haƙura. Lakadan ya rasa inda zai ajiye shi, ya kai shi ɗakinsa na baya. Rabin ɗakin wani dogon kwali ne ya cinye. An jingine gadon da bango, katifa a ƙasa a lanƙwashe, don ba ta da wurin miƙewa.

Baba ya tambayi abin da zai sa mai gyaran firiji, wanda zai iya haɗa guda daga tarkace, ya ɗauko sabo bashi. Lakadan ya sunkuyar da kai ya ba shi labarin firijin Inna. Ya ce so yake abu na farko da zai shiga gidansa ya zama wanda ya ci bashinsa ya biya da hannunsa.

Baba ya dubi katifar. Shi ma bas ɗinsa ta farko haka ya biya ta, ya san yadda ƙarshen wata yake hana mutum barci.

"Ka taɓa makara?"

"A'a, Baba."

"A haka kake kwana, a naɗe?"

"Na saba."

Baba ya miƙe, ya ɗan bubbuga kwalin kamar yadda yake bubbuga taya. Bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Da ya koma gida ya ce wa Mama a ba mai motoci haƙuri, shekarar da ya yanka ya ƙara mata tsawo.

Sai da aka ƙara wasu watanni. Ranar da aka sake dubawa ba ita ta riƙe takardunsa ba, abokiyar aikinta ce, ita tana gefe tana murza zoben hannunta. Matar ta ɗago ta gyaɗa mata kai. Ita kuwa nan take ta tura masa saƙo:

"Lakadan nawa, shafinka ya daina fari. Zo ka karɓi makulli."

"Malamata, ki maimaita. Idona ba ya gani sosai."

Gidan ciki da falo ne, a hawa na ƙarshe, ba lif. Aka ɗaura aure ba tare da wani hayaniya ba, domin su biyun da iyayensu duk sun gaji da jira. Abokan aikinsa suka hau da firijin mataki-mataki suna haki, suna tsokanarsa cewa sai an sake masa suna, Lakadan ya mutu.

Inna ta hau a bayansu, tana hutawa a kowane hawa, amarya riƙe da hannunta. Aka yage kwali, aka jona wuta, firijin ya fara ɗan gurnaninsa. Inna ta ɗora tafin hannunta a jikinsa ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta tambayi ɗanta ko an gama biya.

"An gama, Inna. Wancan watan."

"To wannan ba mai fitar da shi," ta ce, ta goge ido da gefen mayafi.

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ya roƙi Allah Ya sa albarka a wannan gida, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya rufa musu asiri duk ƙarshen wata. Aka shafa. Amarya ta cika kwalba da ruwa ta sa a ciki, ta rufe, ta zauna kusa da mijinta suna jira ya yi sanyi.