Wa Ya Riƙe Wayar?

A birnin Strasbourg akwai wata yarinya mai suna Tirza. Kakanta, Malam Pinhas, shi ke koya wa yara Attaura a majami'ar Yahudawa kowace Lahadi da yamma. Ɗalibansa uku ne kacal: Tirza da wasu tagwaye. Shugabannin majami'a suka ce in ba a kai goma ba kafin ƙarshen wata, za a rufe ajin.

Tirza ta buɗe wa ajin shafi a intanet. Ta rubuta, "Ku zo karatu." Mutum biyu suka kula ta: mamarta da wani mai tallar takalma.

Shi kuwa tsohon yana da wata baiwa. In ya ci ya ƙoshi ranar Asabar, sai ya rera haruffan Ibraniyanci da waƙa, kunnuwansa na rawa kamar na zomo. Tirza ta ce a ranta, da yara za su ga wannan, ai sai an ƙaro kujeru.

To, a addininsu Asabar ranar hutu ce. Ba a taɓa waya, ko fitila ba a kunnawa. Tirza ta san haka sarai. Amma ta lallaɓa ta ɗauko wayarta, ta jingina ta a bayan tulun fure, ta latsa, ta ɗauki bidiyon kakan yana waƙa.

Lahadi da safe ta saki bidiyon. Kafin tsakar rana mutum ɗari uku sun kalla. Tirza har da tsalle. Sai ga wani ya rubuta a ƙasa: "Farin mayafi a tebur, burodin kitso guda biyu, ga kofin azurfa. Wannan ai Asabar ce. Wa ya riƙe wayar?"



Da yamma tagwaye ba su zo aji ba. Uwarsu ce ta zo, Madam Gitel, da waya a hannu.

"Malam, kai da ke koya wa 'ya'yanmu kiyaye Asabar, kai ne da yin fim ranar Asabar?"

Tsohon ya gyara tabarau. Ya kalli bidiyon sau biyu. Ya dubi Tirza ta wutsiyar ido. Sai ya ce, "Teburina ne, kunnuwana ne. Ki yi haƙuri, Gitel."

Bai ambaci kowa ba. Wannan ya fi duka ciwo. Tirza ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Madam Gitel ta juya za ta fita. Tirza ta miƙe.

"Ni ce. Kaka bai ma sani ba. A bayan fure na ɓoye ta."

"Ke? Me ya kai ki?"

"Don kada a rufe ajin."

Kaka ya ce, "Uwar dabara, kin so ki cika ajin Attaura, sai kika taka Attaurar kika hau. Mai gyaran rufi ba ya cire ginshiƙi."

Tirza ta fashe da kuka. Ya miƙa mata hankicinsa, ya ce, "Share. Hancin nan naki ya fi kunnena motsi."

Nan take ta goge bidiyon. Ta rubuta a shafin cewa ita ta yi laifin, ba kakanta ba, ta nemi gafarar jama'a.

Ranar Talata suka sake ɗaukar sabon bidiyo. Madam Gitel ce ta riƙe wayar. Kaka ya ɗaga jaridar ranar, ya kunna fitila ya kashe har sau uku.

"Jama'a, kun gani ko? Talata ce. Mai shakka ya zo Lahadi ya tambaye ni."

Sannan ya ja waƙar, kunnuwa suka kama aikinsu.

Lahadi ta zagayo, yara goma sha ɗaya suka hallara. Sai da aka aro kujeru. Wani ƙarami ya ɗaga hannu, ya ce shi kunnen ya zo koya. Kaka ya ce sai ya haddace haruffa tukuna.

Tun daga nan, kafin rana ta faɗi ranar Juma'a, lokacin da hutun Asabar ke farawa, Tirza ke fara kai wayarta durowa. Ta gane cewa aikin alheri ba a binsa ta karkatacciyar hanya, kuma in ka yi laifi, kada ka bar wani ya ɗauka maka.