Saƙon Murya Goma Sha Ɗaya

Riskuwa ta miƙa wa Bunyaminu wayar.

"Duba da kanka, Yaya. Wallahi kai nika turo ma."

Bunyaminu bai zauna a tabarmar da ta shimfiɗa masa a ƙofar gida ba. Ko jakarsa bai sauke ba. Daga bakin kogi ya zarce nan, ƙamshin hayaƙin banda bai bar rigarsa ba. Ya karɓi wayar, ya taɓa. Can ya juyo mata da fuskar wayar.

"Wanga ni ne?"

Ta duba.

Ta sake dubawa.

A saman saƙonninta goma sha ɗaya, inda jiya-jiya hoton Bunyaminu yake yana dariya cikin kwalekwale, yau fuskar Ɗanmaliki mai cajin waya ce, da baƙin tabarau da ɗan gemunsa.

"Ba... ba shi ne nan ba jiya..."

"Riskuwa, kwana ashirin ina tungar masunta, sauro na cina, ina lissahin ranar aurenmu. In sauka jirgi, yaran bakin ruwa su tare ni da muryarki a wayoyinsu? 'Rabin raina, na kasa cin abinci'?"

"Da kai nika."

"Kin kira sunana a ciki?"

Ta sunkuyar da kai. Wace 'yar mutunci ce za ta kama sunan mijin da za ta aura gatsau? Tun ranar da aka sa rana sunan ya bar bakinta. Shi ma ya sani. Amma fushi ya rufe masa ido.

Ya ajiye wayar a tabarma, ya juya.

"Saurari sauran, don Allah..."

"Ɗaya ma ya ishe ni."

Ga yadda abin ya faru, don kada wani ya sake juya shi yadda ya ga dama.

Riskuwa ba ta yi boko ba, amma duk kasuwar Illo babu mai sayar da kifi banda kamarta. Wayarta ce shagonta. Da safe ta ɗauki hoton kifi ta ɗora, mata daga Bagudo da Kamba har Birnin Kebbi su turo murya suna ciniki, ta mayar musu da murya, ta kai kwali tasha. Da ita take jin wa'azi in tana jera kifi, da ita take gaisawa da dangi. Rubutu ne dai ba ta karantawa. Kowa da hotonsa take gane shi. Mai jan mayafi ita ce Hajiyar Kamba, mai hoton masallaci shi ne direban Bagudo, mai dariya a kwalekwale kuwa, wannan ba sai an faɗa ba.

Wuta kuma sai ranar da ta ga dama take zuwa, don haka kowa a rumfar Ɗanmaliki yake caji. Shi Ɗanmalikin sau biyu yana aiko neman Riskuwa, sau biyu tana cewa a ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce ba komai. Ashe da komai.

A gaban rumfarsa suka yi sallama ranar da Bunyaminu zai tafi kamun kifi, can ƙetaren iyaka, wajen Malanbil ta ƙasar Benin, inda layin Najeriya ba ya kamawa.

"In na samu layin Benin zan taɓo ki," in ji shi.

Bai samu ba. Masu sayarwa suka ce sai da katin ƙasarsu. Amma kwana uku da tafiyarsa sai ga sabuwar lamba a wayarta, da hotonsa a kai, da zanen zuciya ja. Ta tura murya, aka mayar da zuciya. Ta sake turawa, aka mayar da fure. Da ta gaji ta tambayi Ɗanmaliki wajen karɓar caji.

"Layin Benin kenan," ya ce, ko idonsa bai ƙifta ba. "Murya tana shiga can, amma ba ta hitowa. Ke dai ki yi ta turawa, yana ji."

Ta yi ta turawa.

Ana gobe masunta za su dawo, Ɗanmaliki ya zaɓi wanda ya fi daɗi a cikin saƙonnin ya watsa a zauren samarin gari na waya, ya ce ga yadda amaryar Sarkawa masunta take binsa. Sannan ya cire hoton Bunyaminu ya sa nasa.

Ranar da Bunyaminu ya dawo, kafin la'asar aike ya zo daga gidan Alhaji Atiku, mahaifin Bunyaminu. A dakatar da maganar aure. Dama can mutanen gidan ba su so ba, suna cewa yarinyar da kullum waya na kunnenta ba ta zaman gida. Yanzu sun samu abin riƙewa.

Riskuwa ta kwana biyu ba ta hura wutar banda ba. Wayar na ta ƙara, ba ta ɗauka. A rana ta uku Goggo Asama'u, yayar mahaifinta da ta raine ta tun tana goye, ta yaye labule ta tsaya a kanta.

"Tashi."

"Goggo, ki bar ni..."

"In bar ki ki mutu, su zo su ci shinkahwar sadaka? Tashi ki kunna min abin nan. Duka."

"Kunya nika ji."

"Gari duka ya ji, ni ce ba ni ji? Ni da na wanke miki kashi? Kunna."

Goggo ba ta taɓa riƙe irin wannan wayar ba, tsoron ta ma take yi. Ta zauna nesa kaɗan, ta kafa kunne. Na ɗaya ya wuce, ta taɓe baki. Na biyu, ta ce, "Oh, 'ya'yan zamani." Na huɗu na cikin tafiya ta ɗaga hannu.

"Mayar da shi baya."

Muryar Riskuwa ta sake fitowa, a hankali, da 'yar dariya a ciki: "Yaya, ya yatsan? Kar ka bari ruwa ya jiƙa tsumman. Na sa ma man kaɗe cikin aljihun jaka, na gefen hagu. Kai da ka ce ƙurungu ba ya iya da kai, ga shi ya sa ka kuka gaban mace..."

"Yatsan wa?"

Riskuwa ta ɗago. Hawayen suka tsaya cak.

"Nashi. Ƙayar kihin ƙurungu ta soke shi ana jibi zai tahi. Ni na cire mishi."

"To ɗauko mayahinki."

"Ina za mu?"

"Gidan surukanki. In ba su saurare mu ba, gobe motar hwarko ta Bagudo da mu za ta tashi. Alƙali na nan, ƙazahi kuma ba wasa ba ne."

A zauren Alhaji Atiku suka same shi bayan azahar, da mutum huɗu na unguwa. Goggo ta yi sallama ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Alhaji, ina wuni. Ba gaisuwa ta kawo ni ba. A kira min ɗanka, a kira min mai cajin nan."

"Asama'u, maganar ga ta wuce. Kowa ya ji abin da ya ji."

"Kun ji ɗaya cikin sha ɗaya kunka yanke hukunci. Ko buhun albasa ba ka saye sai ka zazzage shi ƙasa. Ɗiyata ba ta kai albasa ba?"

Wani dattijo ya yi tari don ɓoye dariya. Alhaji ya aika.

Bunyaminu ya shigo ya zauna can gefe, ya rame, bai dubi kowa ba. Ɗanmaliki ya shigo da tabarau a goshi, yana taunar goro, ya gaishe da kowa har da Goggo.

"Riƙe gaisuwarka," ta ce. "Kai ka ce da kai taka magana?"

"Goggo, ni ban so abin ya hito ba. Amma ga hotona nan, ga muryarta. Mi zan ce?"

"Za ka ce. Riskuwa, kunna."

Riskuwa ta saci kallon Alhaji. A gaban surukinta? Maganar da ta yi a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa, don kunne ɗaya tak? Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ƙasan mayafin ta hango ƙafafun Bunyaminu, duk faso, da laka a gefen takalmi. Ta tuna waɗannan ƙafafun ne suka juya suka bar ta a ƙofar gida.

In ta yi shiru yau, shirun kenan har abada.

Ta danna.

Zauren ya cika da muryarta. Ya yatsan. Tsumma. Man kaɗe a aljihun hagu. Ƙurungu da ya sa namiji kuka.

Bunyaminu ya ɗago kai kamar an watsa masa ruwa.

"To," in ji Goggo. "Ku biyu, ku ɗaga hannuwanku. Sama, inda tsohuwa za ta gani."

Ɗanmaliki ya yi 'yar dariya. "Haba Goggo..."

"Ɗaga," in ji Alhaji Atiku.

Ya ɗaga. Yatsu goma sumul, har da zobe. Hannun da bai taɓa jan taru ba.

Bunyaminu ya ɗaga nasa. A babban yatsan dama ga tabo nan baƙi, bai gama warkewa ba. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da jakar tafiyarsa, ya zuge aljihun hagu. Ɗan gwangwani ne ɗaure a leda. Ko buɗe shi ba a yi ba.

"Kwana ashirin yana bayana," ya ce. "Ban sani ba. Wanda anka hwaɗa ma inda yake ba ni ba ne."

Goro ya tsaya wa Ɗanmaliki a baki.

"Wasa ne..." ya fara.

"Wasa? Da sunan ɗiyar mutane?" Goggo ta miƙe. "Yarinya na neman halalinta, ba ta roƙi kowa ba. Don ba ta iya karatu ba shi ne ka mayar da ita abin dariya? Mu da yawa ba mu iya ba, kuma wurinka muka kai wayoyinmu bisa amana!"

Alhaji ya sauke numfashi. "Asama'u, mun yi kuskure. A yi haƙuri, a rufe maganar nan cikin zauren ga."

"A'a. Ba cikin zaure anka ɓata ta ba, ba cikin zaure za a wanke ta ba. Ba ni son kuɗinshi, ba ni son kukanshi. Ya hiddo wayar. Inda ya watsa muryarta, nan zai watsa tashi. Ya hwaɗi sunanshi, da na ubanshi, da abin da ya yi. In ya ƙi, mu haɗu Bagudo."

Sau uku yana farawa Goggo na cewa bai fito ba, a sake. A na huɗu ta ce Riskuwa ta saurara.

"Ya yi miki?"

"Ya yi, Goggo."

"Tura."

Kafin su kai gida saƙon ya riga su. Mata na leƙowa ta katanga suna yi mata barka, har da waɗanda shekaranjiya suka fi kowa dariya. Goggo ba ta amsa wa ko ɗaya ba.

Washegari da hantsi Riskuwa na jera kifi a kan ragar ƙarfe, hayaƙi na shiga idonta, ta ji sallama. Ta san muryar. Ta bar shi tsaye har ta gama layi guda, sannan ta fito. Ba ta kawo tabarma ba.

"Riskuwa..."

"Na ce ka saurari sauran."

"Na sani."

"Ka ce ɗaya ya ishe ka."

"Na sani, rabin raina. Ba ni da bakin magana. Ki yahe min."

Ta dube shi. Ya shafa man kaɗen a yatsan, har yana ƙyalli, kamar yaron da yake so a ga ya ji magana. Dariya ta taso mata, ta danne.

"Akwai guda tara da ba ka ji ba."

"Ki turo min. Kullum ɗaya, kamar magani."

"Ba na turawa. Sai ka biya."

"Da mi?"

Ta miƙa masa wayar. "Nuna min yadda sunanka yake a rubuce. Hoto ya cuce ni sau ɗaya, ba ya ƙarawa."

Ya tsuguna nan ƙofar gida, ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Harafin farko mai ciki biyu. Ta ce ya yi kama da mace mai goyon tagwaye. Ta karɓi tsinken ta gwada, ya karkace. Ta goge da tafin hannu ta sake.

Daga cikin gida Goggo ta ɗaga murya: "Kihi na ƙonewa, malaman makaranta."

Aka ɗaura aure ranar da aka sa tun farko, ba a ƙara ko kwana ɗaya ba. Rumfar Ɗanmaliki kuwa mata sun ɗauke ƙafa daga gare ta, wata bazawara a layin 'yan albasa ta sayi faranti mai ɗaukar hasken rana, can ake kai caji yanzu.

Da ruwa ya ja, Bunyaminu ya sake tafiya tunga. Kwana biyu sai ga saƙo daga baƙuwar lamba, da hotonsa a kai. Riskuwa ta kalle shi, ta ajiye wayar, ta ci gaba da aikinta. Can sai ga murya ta shigo.

"Ni ne. Layin abokina na ara. Yatsa ya warke, sauran jikin ne dai ba lahiya tunda na baro ki."

Ta saurara sau uku. Sannan ta zauna bakin murhu, ta goge hannu da zane, ta buɗe wurin rubutu. Harafi tara ne, ta daɗe tana neman kowanne. Sunan da bakinta ba zai taɓa faɗa ba, yatsanta ya rubuta shi tsaf.

Ta tura masa shi haka nan, ba ta ƙara komai ba.