Jan Kwayil a Hannun Gawa

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana aka kira caji ofis, aka ce an kashe wani bakanike a garejinsa. Kunne ake ce masa, don in ya kara kunne a jikin inji sai ya gaya maka ciwon motarka kafin ka buɗe baki.

Sufeto ya iso tare da Saje. Sufeton mutum ne mai gajen haƙuri, tsawa ɗaya ya daka 'yan kallo suka watse.

Gawar tana kife a gaban wata baƙar mota wadda ɓarinta ɗaya ya lotse kamar gwangwani. An rotsa ƙeyar sau uku. Jini ya gauraye da baƙin mai ya gangara har ƙarƙashin taya, ga ƙatuwar sifana a yashe, gashi manne a bakinta.

"Motar wa ce?" in ji Sufeto.

"Ta wani ce da ake kira Injiniya, yallaɓai. Sati biyu da suka wuce ya zo wuce tirela, injin ya shaƙe masa, wata mota ta kwashe su. 'Yarsa mai shekara tara ta mutu nan take," in ji Saje.

Bonet a buɗe yake. Saje, wanda ya yi direba kafin ya shiga aikin, ya leƙa ya ga ramuka huɗu wayam.

"An cire kwayil duka. Su ke ba fulogi wuta."

Hannun daman mamacin yana danne ƙarƙashin cikinsa. Sai da Saje ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, har ɗaya ya yi ƙas, sannan abin da ke ciki ya faɗo. Kwayil ne, ja jawur, da tsaga a wuyansa.

Kafin su koma ofis har an kamo kawun yarinyar, ƙanin uwarta. Ogan ofishin yana son a kai shi kotu da safe a rufe fayil.

"Ni ban taɓa shi ba," in ji Kawu.

Sufeto ya cafko hannunsa na dama, wanda ke naɗe da bandeji, ya matsa. Kawu ya ƙwalla ƙara.

"Mutum goma sun ga ka zubar masa da haƙora biyu jiya. Sake yi mini ƙarya ka gani."

"Na doke shi! Har yatsuna suka karye. Da na samu dama ma da na kashe shi, amma wallahi yau ban je ba."

"Me ya yi maka?"

"Mijin yayata ya ce shi ya sa masa kwayil na kasuwa maimakon na kamfani. Shi ya kashe mana yarinya."

Sufeto ya dubi kumburarrun yatsun. Hannun da ko cokali ba zai riƙe ba, ina shi ina ɗaga sifana sau uku? Kuma mai ramuwar gayya ba ya tsayawa kwance kwayil.

Matar Kunne ce ta tsinci gawar lokacin da ta kai masa abinci. Sufeto ya same ta a tsakar gida, har yanzu da jini a gefen zanenta. Ya nuna mata jan kwayil ɗin.

Ta juya shi sama da ƙasa, ta miƙo masa. "Wannan ba aikin maigidana ba ne."

"Ke bakanikiya ce?"

"Shekara ashirin da biyu ina wanke masa kayan aiki, ranka ya daɗe. Ko kurma ce ni ai na haddace. Kullum cewa yake inji mai turbo, mai ƙarin ƙarfi irin na motar Injiniya, zafinsa daban ne, matsinsa daban, kwayil ɗin da ba a san asalinsa ba sai ya tsage a lokacin da aka fi bukatar wuta. A ƙaramar mota yakan sa na kasuwa in mai kyau ne. A turbo kuwa ko za ka yi kuka ba zai sa ba."

Ta ja shi wajen tsohuwar motarsu, ta ɗaga bonet. Kowane ƙarfe da aka taɓa canzawa yana da ɗigon fenti ruwan ɗorawa.

"Duk abin da hannunsa ya ɗaura sai ya ɗiga masa. Ina yi masa tsiya, na ce saura ni ya ɗiga wa a goshi." Ta sauke bonet ɗin. "Sati biyu ana nuna shi da baki ana cewa ya kashe yarinya. Jiya da yamma, da kumburarren baki, ya ce a jawo masa motar daga inda aka ajiye ta ya gani da idonsa."

Jan kwayil ɗin ba shi da ko ɗigo.

Shago ɗaya ne a layin 'yan kayan gyara ke da irinsa a kanta. Mai shagon ya rantse bai san wani Injiniya ba. Sufeto ya shaƙi wuyan rigarsa, ya haɗa shi da kantar har kwalaye suka zubo musu a ka.

"Na tuna, na tuna! Wata guda ke nan. Ya ce bakanikensa tsoho ne, kansa ya tsaya a zamanin da. Ya ce ya gani a waya jajayen nan suna ƙara gudu, kuma da kansa zai ɗaura."

Injiniya ba injiniya ba ne. Ma'aikacin ofis ne da ke kallon gyaran mota a waya, abokai suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya ɗauka da gaske. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Suka same shi a falo cikin sabbin kaya, gashinsa da danshin wanka. Matarsa tana zaune a ƙasa, rungume da jakar makarantar 'yarta.

"Ina kake da tsakar rana?"

"Ina gida. Tambayi maman yara."

Matar ta ƙara ƙanƙame jakar.

"Wa ya ɗaura jajayen kwayil a motarka?"

"Marigayin mana. Ni me na sani a mota?"

"Yau kuma ba Injiniya ba ne kai?" Sufeto ya ajiye kwayil ɗin a kan tebur, da busasshen jini a jikinsa. "Me aka ce ya sa maka tun farko?"

"Waɗannan ɗin dai."

Sai matar ta yi magana, a hankali. "Ranka ya daɗe, na kamfanin wane iri ne?"

"Baƙaƙe. In na Kunne ne, da ɗigon fenti ruwan ɗorawa."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Injiniya ya zabura zai bi ta, Saje ya sa masa ƙafa, ya kife, haɓarsa ta daki gefen tebur, jini ya ɓalle. Ta fito da kwalin takalmi, ta zazzage shi a gaban mijinta. Baƙaƙen kwayil huɗu, kowanne da ɗigonsa, lafiyarsu ƙalau. A tare da su jajaye uku, da jini a jikinsu.

"'Yarmu ce ta riƙe maka kwalin nan ranar Asabar ɗin da ka buɗe bonet," in ji ta. "Tana murna wai tana taya Baba aiki. Yau kuma na ga ka shigo kana ɓoye shi."

Injiniya ya fashe da kuka kamar yaro.

"Kunne ne ya kira ni da safe. Ya nuna mini tsagar, ya ce ba zai kai ni ƙara ba, amma sai na gaya miki gaskiya da bakina, in ba haka ba shi zai faɗa. Na roƙe shi, na durƙusa. Ya juya zai cire sauran... sifanar tana kusa da hannuna. Ban iya ƙwace na hannunsa ba. Ta yaya zan dube ki na ce ni ne?"

"Ka bar ƙanina ya karya hannu a fuskar mutumin kirki. Ka bar ni ina tsine masa dare da rana."

Ta wanke shi da mari, ta ƙara, sai da Sufeto ya shiga tsakani. 

Saje ya danna masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Sufeto ya kira ofis ya ce a saki Kawu, sannan ya tsuguna yana tattara shaida.

"Ranka ya daɗe," in ji matar, tana ɗaura mayafi. "Ka sauke ni gidan bakaniken. Da bakina na ce mijinta ya kashe mini 'ya, da bakina zan je na janye."