Kwana Tara Babu Rezo

A gindin wani dogon bene a Vénissieux, kusa da Lyon, Zouera ta fara ganinsa, ranar sunan jikar ƙanwarta. Hayaniyar biki ce ta koro ta waje, gwiwoyinta na zugi. Wani dattijo ne durƙushe gefen tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, yana ɗura mata ruwa da jarka.

"Hajiya, tsayuwar nan ba ta yi miki ba. Ga kujera."

Ta zauna ba gardama. Shekara talatin da ɗaya tana goge ofisoshin Paris, ta binne miji, ta aurar da 'ya, amma ta manta rabon da wani ya lura da gajiyarta.

Sunansa Malam Siddiq, mutumin Tahoua. Ƙarfinsa ya ƙare ne wajen dakon kaya a manyan ɗakunan ajiya na Lyon. Da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, sai ya mayar da makullin gidan haya ya sayi wannan mota. Ya nuna mata gado, da ɗan murhun gas, da faifan sola a kan rufi.

"To ina kake kwana?"

"Bakin rafi, ko gindin dutse. Duk inda babu mai taka mini kai daga sama. Na gaji da bene, Hajiya."

"Ni ma," ta ce, sannan kunya ta kama ta.

Ta koma ɗakinta na hawa na biyar a Paris, inda 'yarta Hassia ke sauke mata jikoki uku kowace safiya. Saƙonninsa suka fara shigowa.

"Ina kwana, 'yar Maradi. Yau tumaki ne maƙwabtana. Sai da na lallashi motar kafin ta tashi, tsufa ya kama mu tare. Ya gwiwa?"

"Da sauƙi, matafiyina. Ka sa rigar sanyi."

Wata rana Hassia ta ga saƙon a wayar.

"Inna, mai kwana a mota? C'est pas sérieux! Wannan ai wasa ne! Ga Alhaji Taha da kantinsa da gidansa yana ta aike yana neman aurenki. Kuma wa zai riƙa ɗauko yara daga lakwal in an tashi karatu?"

Zouera ta ci gaba da ninke wanki.

Daga ranar saƙo ya ɗauke. Ta rubuta, shiru. Ta kira, ba ta shiga. A kwana na shida Hassia ta faɗi gaskiya: ita ta kira shi, ta ce ya fita hanyar uwarta. Zouera ba ta yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Ta dai daina duba waya, abinci ya daina yi mata daɗi.

Ranar kwana na goma da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam Siddiq ne, dafe da bango yana haki. Can bayan gari ya bar motar, ya shigo jirgin ƙasa na metro, ya hau benen nan da ƙafa.

"Cikin duwatsu na shige, inda babu rezo, waya ba ta shiga, in ga ko zan iya haƙura da ke," ya ce. "Ban iya ba, 'yar Maradi."

Ya juya wajen Hassia, wadda ta zo da ƙaramin ɗanta.

"'Yata, ban zo raba ki da uwarki ba. Ba ni da gida, gaskiya ne. Amma dubi ƙafafunta."

Hassia ta duba. Sun kumbura har silifa ta nutse a ciki. Ta daɗe tana kallo.

"Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

"Ba ki tambaya ba, uwata."

Bayan wata biyu aka ɗaura auren a Vénissieux, bayan sallar Juma'a. Hassia da kanta ta shimfiɗa sabon bargo a gadon motar, ta jera yaji da kuka a ɗan kabad, tana share hawaye.

"Baba, ga amanar Inna. Don Allah ku riƙa tsayawa inda akwai rezo. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya raya miki yaranki."

Sai a gwaji na uku motar ta tashi. Ba su gama fita Lyon ba barci ya kwashe amarya, kanta jingine da gilashi. Malam Siddiq ya kashe rediyo, ya rage gudu.