Ƙurar da Ke Cikin Bulowar Makau

Ruwan safe ya ɗauke, garin Anka ya yi luf. Kwanon ofishin 'yan sanda yana ta sauke sauran ruwa ɗis-ɗis, Insfekta Tukur kuma yana bakin taga yana kallon ɗigon. Mutum ne mai yawan tafiya cikin tunani, har 'yan ofis kan ce jikinsa ne kawai ke zuwa aiki. Ba sa dai faɗa a gabansa.

Makau mai wankin mota ya yi sallama ya shigo, wandonsa naɗe har gwiwa.

"Yallaɓai, bulowata anka sace."

"Mece ce bulowa kuma?"

"Injin hura iska na hannu. In munka wanke mota, da ita muke korar ruwa. Tsumma shina barin zane ga fenti, iska ko ba ta taɓa komi."

Makau ya gyara tsayuwa. Idan aka taɓo zancen kayan aikinsa, sai an tare shi.

"Biyu gare ni. Babbar mai waya, sai an tada janareta, ƙararta har tasha. Ƙaramar mai batir, ba ta da nauyi, bakinta na roba ne don kada ta karce mota. Ita ke shiga bayan madubi da lungun fitila. Sai da na gwada kusan duka na shagon Gusau kafin in zaɓe ta."

"Wacce aka ɗauka?"

"Ƙaramar. Jiya da la'asar nat taras ba ta."

"Babbar ba ta fi tsada ba?"

"Nesa ba kusa ba, yallaɓai."

Insfekta ya koma kallon ɗigon ruwa. Ɓarawon da ya bar mai tsada ya ɗauki mai sauƙi ba sayarwa zai yi ba. Aiki yake so ta yi masa, a inda ba wuta, kuma a inda ba a son a ji ƙara.

Wurin wankin yana bayan gari, ƙarƙashin wata inuwar dalbejiya. Kwaɗon rumfar kaya lafiyarsa ƙalau, ba a taɓa shi ba. A gefe wata baƙar mota tana ajiye, mai ita yana zagaye ta yana tsaki. Sanda ne, direba mai jigila tsakanin Anka da Gummi.

"Shekaranjiya anka wanke min ita," in ji Sanda. "Duba abin da sunka yi."

Rana ta leƙo a lokacin. Motar ta ɗauki wani irin ƙyalli siriri, kamar an barbaɗa mata kwalli. Insfekta ya tsaya yana kallo har sai da Kofur, wanda ya rako shi daga ofis, ya yi gyaran murya. Abin ya yi kyau, kuma kyan ne ya sa gabansa ya faɗi.

"Sanda, kana ɗaukar buhunan masu haƙar zinare?"

"Ni? Ban san hanyar wajen ba."

"Kofur, buɗe but."

A cikin but akwai ɓarɓashin duwatsu. Sanda ya sosa ƙeya.

"Sau ɗai-ɗai na, yallaɓai. Amma dutse nike ɗauka, ba niƙaƙƙe ba."

Wannan karon gaskiya ya faɗa. Insfekta ya durƙusa ya duba ƙasan motar da tayoyi, laka ce kawai. Ya sa ɗan yatsa bayan madubi, ya fito da gari mai laushi, toka-toka. Haka a lungun fitila, haka a mariƙin ƙofa. Duk inda bakin bulowa ke shiga, nan garin ya taru.

Ke nan bulowar ce ta feso shi. Ta riga ta je wani wuri ta sha ƙura ta dawo, tun kafin a ce ta ɓace.

Insfekta ya san wannan gari. Yana aiki a yankin a shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyen 'Yargalma, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida, yara suna rarrafe a kan ƙurar. Ya ga ƙananan kaburbura jere, kuma har yau yakan gan su idan ya rufe ido. Yanzu ga shi wani yana hura wannan ƙura da inji, a cikin wani gida. Tsoro ya kama shi sosai. Ya manta da zancen sata, yaran gidan kawai yake tunani.

"Wa ke da makullin rumfa?"

"Ni da ƙanena Lirwanu," in ji Makau.

Lirwanu yana can yana sharce gilashin wata mota da tsumma. Dogo ne, mai sanyin magana.

"Ni ba ni taɓa bulowa," ya ce. "Tsummana ya ishe ni. Tambayi Yaya."

"Wa ya buɗe rumfa yau?"

"Ni na buɗe."

"Kafin kai wani ya shiga?"

"Ba kowa."

Insfekta ya shiga rumfar. Ga bokitai, ga sabulu, ga babbar bulowa rataye. A kan katako caja tana haɗe da ƙaramin janareta, 'yar fitilarta ja tana ƙiftawa. Ya ɗaga tsumman da aka rufa mata. Batir ne a ciki, da gari toka-toka a jikinsa.

"Makau, batir nawa ƙaramar ke da shi?"

"Guda ɗai na. Da shi ta ɓace."

Makau ya leƙo ya gani. Sannan ya juya a hankali ya dubi ƙanensa.

"Batir ba ya daɗewa," in ji Insfekta. "Dole mai shi ya dawo wurin caja. Lirwanu, kana da yara a gida?"

Tsumman ya faɗi daga hannun Lirwanu.

"Ɗiya guda."

"Mu je."

Gidan yana ƙarshen wani lungu. Zaliha matar Lirwanu tana zaune a tabarma, 'yar ƙaramar yarinya kwance a cinyarta, idonta a buɗe amma ba ta kallon kowa.

"Me ke damun ta?" Insfekta ya tambaya.

"Lubabatu? Masassara ta, yallaɓai. Amai take yi, ba ta cin komi. Jiya har tat ɗan sanƙare."

"Wancan ɗakin da ke rufe fa?"

Zaliha ta dubi mijinta. "Na kaya ne."

Kofur ya tura ƙofar. Hasken rana yana saukowa ta wata huda a kwano, ƙura tana yawo a cikinsa a hankali, tana ƙyalli, ba ta sauri ba ta sauka. Ga buhun niƙaƙƙen dutse, ga babban faranti, ga bulowa a kansa. A ƙasa, cikin garin da ya kwanta, sawun ƙananan ƙafafu ne ko'ina.

Insfekta ya rufe hancinsa da hankici, ya ja ƙofar.

Lirwanu ya zauna a ƙasa. Ba a ma tambaye shi ba.

"Kullum ina kallon yadda take korar ruwa ga mota," ya ce. "Ruwa shi gudu, mota ta tsaya. Nac ce to, ƙura za ta gudu, zinare shi tsaya, awa bakace. In na je tafki wankin garin dutsen, mutane na gani. Nan ko ba mai gani. Dauri nakan mayar da ita kahin Yaya shi lura. Jiya na ga ƙwayar zinare ƙasan faranti, sai na kasa mayarwa."

"Ba ka ji abin da ya faru a 'Yargalma ba?"

"Na ji. Amma an kwashe gubar, yallaɓai. Da idona na ga motoci sun kankare ƙasa sun tahi da ita. Na ɗauka ta ƙare."

"Ƙasar da ta ɓaci suka kwashe. Gubar a cikin dutsen take."

Lirwanu ya ɗago kai.

"Yarinyar takan shigo ɗakin?" Insfekta ya tambaya.

"In na tada injin, sai ta rugo. Tana tsalle tana kama ƙurar da hannu. Dariya take yi. Ban taɓa jin ta yi dariya irin wagga ba." Ya sunkuyar da kai. "Ni na ɗauki bulowa. Ni na bar ta ta shigo."

Makau ya juya fuskarsa ga bango. Insfekta ya tura Kofur ya kira Sanda da motarsa. Ya ce wa Zaliha ta wanke wa yarinyar hannu da fuska, ta canza mata kaya, asibiti za a kai ta yanzu, kuma ta faɗa wa likita kalmar dalma tun daga ƙofa.

"Za ta tashi?" Zaliha ta tambaya.

"Ban sani ba. Allah ya sa mun zo da wuri."

Kofur ya dawo da Sanda, Zaliha ta goya yarinyar. Da suka zo wucewa, Lubabatu ta ga ubanta. Ta ɗago kai da ƙyar, ta miƙa masa hannu.

"Baba."

Lirwanu ya miƙe zai ɗauke ta. Insfekta ya sha gabansa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Dubi rigarka."

Lirwanu ya duba. Garin yana cikin ɗinkin wuya, yana bakin aljihu, yana ƙarƙashin faratansa. Ya ja da baya taku guda. Yarinyar tana nan da hannu a miƙe.

Shi da kansa ya mayar da hannayensa baya, ya haɗa su. Kofur bai ma zaro ankwa ba tukuna. Suka fita da shi ta lungu, yana waige, har motar Sanda ta sha kwana.